Suracen Malam Isiyaku a Motar Mai Lofe

Ni mutumin Gazara ne ta ƙasar Makarfi, kuma karatuna bai wuce elemantare ba. Aikina tuƙin tarakta a En'e, wato hukumar gargajiya. Ba a jima da samun mulkin kai ba aka zaɓi wasu daga cikinmu aka tura mu Ingila koyon gyaran injinan noma. Ba zan ɓata takarda wajen bayanin ban kwana da hawa jirgi ba. Zan fara daga inda wahala ta fara, in bi ta daki-daki, don ba na son labarin da ake farawa daga tsakiya a dawo baya.

Makarantar tana wani ƙaramin gari a arewacin ƙasar, babu komai kewaye da shi sai tsaunuka da tumaki. Mu biyu ne kawai daga Arewa, ni da Malam Isiyaku, mutumin Taba ta wajen Kudan. Malamin gona ne, ɗan gidan malamai, kuma ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi yake jan mu salla a ɗakin da muka kama haya. Ni ina ce masa Malam, shi yana ce mini Direba, sai in ransa ya ɓaci ya kira ni Garba.

Tun ranar da muka sauka na daina yarda da mutane. A tashar jirgin ƙasa wani baƙin mutum ya tare mu da sallama cikin Hausa mai kyau, ya ce shi ma ya taɓa zama a Sabon Garin Zariya. Ya karɓi akwatin Malam wai zai taya shi ɗauka. Mun juya muna neman ƙofar fita, ko ƙurarsa ba mu sake gani ba. A cikin akwatin akwai rigunan Malam masu kauri da ƙullin mazarƙwaila da iyalinsa suka yi masa guzuri. Bayan wannan sai matar da muke haya a gidanta. Ta rantse mana babu alade a abincinta, muka ci har tsawon mako, sannan na leƙa madafa na ga da kitsen alade take suya. Da na yi magana sai ta buɗe ido ta ce ai naman na saniya ne, kitsen kawai ne. Ita a ganinta ba ta yi ƙarya ba.

Daga nan na kafa wa kaina doka. Na farko, ba na cin abin da ban ga dahuwarsa ba. Na biyu, ba na karɓar taimakon da ban roƙa ba. Na uku, duk wanda ya cika yi mini murmushi, hannunsa nake kallo.

Sanyin shekarar nan su kansu 'yan ƙasar sun ce ba su saba da irinsa ba. Ruwa ya daskare a cikin famfo. Malam ya fara tari, tari ya sauka ƙirji, har ya kai ba ya ƙare Fatiha sai ya tsaya ya numfasa. Likita ya duba shi, ya ba da magani, ya sake dubawa, sannan ya gaya wa shugaban makaranta cewa in mutumin nan ya ci gaba da zama cikin wannan sanyi, a nan za a binne shi. Aka samar masa gurbi a jirgin ruwa mai tashi daga Libaful zuwa Ikko. Jirgin da ke bayansa da sauran makonni, Malam kuwa ba shi da makonnin.

Ya ce mini, "Direba, ka ga maƙabartarsu? Ko gabas ba su sani ba. Don Allah ka kai ni jirgin nan. In ma ajalin ne, ya same ni na fuskanci gida."

Na ce, "Zan kai ka, Malam, in Allah ya yarda."

Ana gobe tafiya ƙanƙara ta toshe layin dogon da ya biyo ta garin. Motar makaranta kuma ruwa ya daskare a injinta ya fasa shi. Na tsaya a tsakar makaranta ban san inda zan nufa ba.

Akwai wani tsohon Bature mai gareji kusa da makarantar, inda ake tura mu koyon walda. Kullum da lofe a bakinsa, ko da wuta ko babu, shi ya sa muka sa masa suna Mai Lofe. Ban taɓa ganin haƙoransa ba, kuma bai taɓa amsa mini gaisuwa da fiye da ɗaga kai ba. Shi ne ya yafito ni da hannu, ya kai ni wata rumfa a bayan gareji, ya yaye tamfol. Mota ce baƙa, doguwa, mai siraran tayoyi, an ƙera ta tun kafin babban yaƙin duniya. Ko a Zariya ban ga tsohuwa irinta ba. Sai an sa ƙarfe a gaba an murɗa take tashi.

Ya ce da Turanci, "Ka kai abokinka. In ka gama ka dawo mini da ita."

Na duba dokata ta biyu. Ban roƙe shi ba. Na ce a raina ko dai motar ta sata ce yana so a kama ta a hannun baƙo, ko kuma ya san ta kusa mutuwa yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Na ce masa ba zan karɓa ba sai ya maimaita maganar a gaban shugaban makaranta. Ya sa hula, muka tafi, ya maimaita. Wannan ya kawar da zargi na farko. Na biyu kuwa na riƙe abina.

Da muka dawo sai ya ɗaga murfin inji ya nuna mini wani abu. Motocin zamaninta ba a ƙera su da hita, wato abin ɗumama ciki, ba, sai dai mai mota ya saya daban ya ɗaura. Wani kwano ne aka naɗe bututun salansa da shi daga inda ya fito daga inji, kamar an sa wa bututun riga. Bakin kwanon yana bayan fankar inji. Fanka ta tura iska ciki, iskar ta zagaya bututun mai zafi ta yi ɗumi, sannan ta fito ta wata 'yar ƙofa mai raga a daɓen mota, daidai ƙafar wanda ke zaune kusa da direba. Akwai marfi da ake turawa da ƙafa, a buɗe ko a rufe. Hayaƙi yana cikin bututu, iska tana bayansa, ba sa haɗuwa. Haka ya ce.

Sai ya cire lofen daga bakinsa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce, "Ka bar gilashi a buɗe kaɗan, gefenka da gefensa. Ko zai yi kuka kada ka rufe."

Na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Tsohuwa ce. Haka ake yi da su." Ya mai da lofensa.

Ban ɗauki maganarsa haka nan ba. Na tayar da mota, na bari ta yi zafi, na durƙusa na sa hancina a ragar. Babu hayaƙi, babu wari sai na ƙarfe mai zafi da ƙura. Na shimfiɗa farin hankici a kai na ɗan lokaci, na ɗaga, fari fat. Na yanke hukunci cewa hitar lafiyarta ƙalau, maganar gilashi kuwa irin haukan Turawa ne na son iska, don ko a aji sai malami ya buɗe taga muna karkarwa.

Zango na farko. Muka tashi bayan sallar asuba, da gari ya waye sosai. Na naɗe Malam da bargo, na zaunar da shi kusa da ni, ƙafafunsa a kan ragar. Na bar gilashi a buɗe kamar yadda aka ce, ba don na yarda ba, sai don in mota ta sami matsala kada a ce na saɓa umarni. Hanya ta yi santsi, ina tafiya a hankali kamar mai jan garma.

Ba mu yi nisa ba Malam ya fara.

"Direba, wace irin dabara ce wannan? A hura maka wuta a ƙafa, a buɗe maka iska a wuya?"

"Haka mai motar ya ce, Malam."

"Mai motar ya ce! Ku dai mutanen Gazara, in Bature ya ce ku tsaya da ƙafa ɗaya, sai ku tambaye shi wacce."

Na ce, "Ku kuma na Taba sai an ɗauko makara kuke yarda ba ku da lafiya."

Ya yi dariya, dariya ta zama tari, tari ya daɗe. Da ya lafa ya ce, "Kai ma ka sani, mai ciwon sanyi ba a bari iska ta buge shi. A gida da yanzu an toshe ɗaki, an dafa mini tazargade da ganyen darbejiya, an lulluɓe ni da bargo a kan tukunya na yi surace har gumi ya karyo. Da tuni na miƙe."

Ban musa ba, don gaskiya ya faɗa. Haka ake yi a gidanmu ma.

Zango na biyu. Wajen azahar muka iso wani gidan shayi a gefen hanya, shi kaɗai a gindin tsauni. Mai wurin wata mace ce mai jiki, mai yawan fara'a. Da ganin yadda nake riƙe da Malam sai ta ja masa kujera bakin murhu. Na roƙi ruwan ɗumi na alwala ta ba mu, har ta nuna mana wani ɗaki muka yi salla. Duk wannan ina kallon hannunta.

Ta kawo shayi. Kafin ta miƙa wa Malam, sai ta juya mana baya, ta ɗauko wata kwalba daga kan kantar kaya, ta zuba wani abu baƙi mai kauri a kofinsa ta juya. Ta ɗiga kaɗan a nawa. Na tambaye ta mene ne. Ta ce maganin ƙirji ne na kakarta, ta yi dariya.

Na ce da Hausa, "Malam, kada ka sha."

Ya riga ya kai baki. Ya rufe ido, sannan ya ce, "Direba, wallahi mazarƙwaila ce. An narkar da ita ne kawai. Kamar ina zaune a kasuwar Makarfi."

"Ina mazarƙwaila a ƙasar da ko kara ɗaya na rake babu?"

"To ka bar mini naka."

Na kurɓi nawa sau ɗaya don in ji. Da zaƙi, da ɗan ɗaci a ƙarshe. Na ajiye. Malam ya shanye nasa ya nemi ƙari, ta ƙara masa, tana ta shafa masa kafaɗa.

Na fita duba ruwan lagireto da tayoyi. Da na gama na tarar Malam ya riga ya shiga mota. Ya ɗaga gilasai duka sun rufe ruf. Ya warware rawaninsa ya cusa a duk wata kafa ta jikin ƙofa, inda rawani bai kai ba ya sa safa.

Na ce, "Malam, mai motar fa ya ce..."

"Garba."

Na tsaya riƙe da ƙofar mota.

"Ni ne mara lafiya ko shi? Ni ne babba a motar nan ko kai? Ka shinshina da hancinka, ka ce babu hayaƙi. To mene ne saura?"

Ba a yi mini tarbiyyar jayayya da wanda nake salla a bayansa ba. Kuma ni ma yatsuna sun ƙage a kan sitiyari tun safe. Na shiga na rufe ƙofa.

Zango na uku. Muka fara hawan tsauni. Cikin mota ya yi ɗumi irin wanda ban ji ba tun da na bar gida. Malam ya tura marfin hitar ya buɗe gaba ɗaya, ya sunkuya, ya ja bargo ya rufe kansa da ragar tare, yadda ake rufe kai da tukunya.

Daga cikin bargo ya ce, "Alhamdu lillahi. Ga surace babu tukunya. Bature ya yi abu bai san amfaninsa ba."

Na ji yana karatu a hankali, kuma tarin ya ragu. Har na ji daɗi a raina.

Can sai karatun ya fara karyewa. Ya kama wata aya ya sake ta, ya kama wata. Sannan ya ce, "Habu, ka gaya musu su shiga fadamar nan kafin raken ya bushe." Habu ƙaninsa ne da ke Taba. Na ce, "Malam, ni ne Direba." Ya yi wata 'yar dariya irin wadda ban taɓa ji a bakinsa ba. Daga nan shiru.

Ni ma a lokacin kaina yana sarawa kamar ana buga guduma a goshina. Zuciyata tana tashi. Hanya ta rabu biyu a idona, ta haɗe, ta sake rabuwa. Na so in ɗaga ƙafa daga totur, ƙafar ta yi nauyi kamar ba tawa ba. Wani barci mai daɗi yana jana.

Na ce a raina, matar nan ce. Barasa ta zuba mana, ko abin da ya fi barasa. Shi ya sha kofi biyu ya faɗi, ni na kurɓa sau ɗaya ga yadda nake. Lissafi ya fita daidai. Wani fushi ya taso mini wanda ya fi barcin ƙarfi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Malam Isiyaku, ɗan gidan malamai, ya koma ga Ubangijinsa da barasa a cikinsa. Na ce wallahi sai ya amayar da ita.

Na taka birki, mota ta zame ta daki tarin ƙanƙara a gefen hanya, inji ya mutu. Na buɗe ƙofa na faɗo waje da gwiwa. Na rarrafa na zagaya, na fizgi ƙofarsa, rawani ya biyo ni. Na yaye bargon. Idonsa a rufe, bakinsa a sake, jikinsa laushi kamar tsumma. Na kira shi bai amsa ba. Na jawo shi ta hammata na kwantar da shi a kan ƙanƙara, na juya shi gefe, na cusa yatsana a maƙogwaronsa. Bai motsa ba. Na ɗebi ƙanƙara na goga masa a fuska da wuya, na mare shi, Allah ya gafarta mini, na sake cusa yatsa.

Sai ya shaƙe, ya yi amai, ya ja wani dogon numfashi mai ƙara. Na ci gaba da jijjiga shi. An daɗe kafin ya buɗe ido. Ya dube ni, ya dubi sama, ya dubi inda yake kwance.

Ya ce da ƙyar, "Garba. Kashe ni aka aiko ka ka yi?"

"Matar nan ta sa mana abu a shayi, Malam."

"Ka kwantar da mai ciwon ƙirji a kan ƙanƙara. Allah ya isa tsakanina da Gazara."

Da na ji ya iya zagi na san ya dawo. Na ɗaga shi na mai da shi mota, na murɗa ta ta tashi, na shiga na rufe ƙofa. Malam yana rawar ɗari yana laluben bargo, yana neman ya koma suracensa. Ban ja motar ba tukuna, ina hura wa yatsuna iska su yi ɗumi.

A zaunen nan ne na ji gudumar ta dawo goshina.

Na tsaya na jera abin bi da bi, yadda na saba. Malam ya yi amai ya farfaɗo, wannan ya dace da shayi. Amma ni ban yi amai ba, kuma a waje kaina ya washe. Abin da ke cikina yana nan inda yake. Na dawo cikin mota ciwo ya dawo. To ba a cikina abin yake ba, a cikin motar yake. Na dubi ragar nan da ke hura ɗumi a ƙafar Malam, babu hayaƙi, babu wari.

Na kai ƙafa na rufe marfin. Na kashe inji. Na sauke gilasai har ƙasa, na fizge bargon daga kansa.

"Garba!"

"Ka yi haƙuri, Malam. Yau ɗaya ba zan bi maganarka ba. In mun isa ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama."

Yanzu zargina ya tashi daga kan matar ya koma kan Mai Lofe. Amma zargi ba ya ɗumama mutum. Muna tsakiyar tsauni, iska tana yanka kamar aska, Malam yana karkarwa har haƙoransa suna haɗuwa. In na buɗe hita ta kashe shi, in na bar ta a rufe sanyi ya kashe shi, jirgi kuma ba ya jira.

Muna nan sai ga tarakta ta gangaro daga wata gona, ɗauke da ciyawa, kare yana biye. Mai tuƙin wani makiyayin tumaki ne, fuskarsa ja saboda sanyi. Ya tsaya ya dube mu. A wannan karon ni na roƙa. Na gaya masa abin da ya faru da ɗan Turancina, na nuna ragar.

Bai bari na gama ba. Ya ɗaga murfin inji, ya ɗauko filaya, ya kwance wayar da ta ɗaure kwanon, ya buɗe shi. Ya kama hannuna ya ɗora yatsana a kan bututun, a gefen da ke ƙasa. Tsaga ce siririya kamar zare, gefenta ya yi baƙi. Ya ce in bututu yana sanyi a haɗe take, sai ya yi zafi sosai a hawan tsauni take buɗewa. Ya ce abin da ke fita ta nan ba a ganinsa, ba a jin warinsa, barci kawai yake sa mutum, kuma an sha samun mutane zaune a mota kamar masu hutawa, sun daɗe da tafiya. Da na gaya masa yadda Malam ya rufe kansa da ragar, ya daɗe yana kallon Malam.

Ya cire kwanon gaba ɗaya ya jefa a kujerar baya, ya toshe ƙofar daɓen da buhu. Ya ja motar da tarakta ya fitar da ita, ya ce mu biyo shi. A gidansa ya zaro tubala masu zafi daga tanderun matarsa, ya naɗe su da buhuna, ya jera a ƙafar Malam da bayansa da cinyarsa. Sannan ya kawo wata babbar fatar tunkiya mai gashi ya lulluɓa masa.

Na ce, "Malam, ba mu san wanda ya yanka ta ba."

Ya ƙanƙame fatar ya ce, "An jeme ta. Ta tsarkaka. Ja mota, ba kai ne malamin ba."

Zango na huɗu. Wannan ne mafi wuya, kuma ba ni da abin faɗa a kansa da yawa. Gilasai a buɗe, don bututun yana nan da tsagarsa. Gashin bakina ya daskare. Makiyayin ya ce kada in bari Malam ya yi barci, saboda haka na tsokane shi da duk abin da na sani. Na ce raken Kudan ruwa ne kawai, na Makarfi ne rake. Ya ce ban san rake ba, ya kawo hujjoji. Na ce mutanen Gazara sun fi na Taba iya noman barkono. Ya ce ƙarya nake. Da gardama ta ƙare na ga kansa yana langaɓewa, sai na fara karatu da ƙarfi, in kai tsakiyar aya in tsaya kamar na manta. Ba ya iya bari. Ko idonsa a rufe sai ya ɗora. Haka muka yi ta yi har tsaunuka suka ƙare, hayaƙin gari ya bayyana, tubala suka huce.

Muka isa tashar jirgin ruwa rana tana shirin faɗuwa, ana cikin shigar da fasinja. A gindin matakala akwai likitan jirgi yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya. Na san in ya ga Malam a yadda yake, zai iya mai da shi asibitin gari, jirgi ya tafi.

Na ce, "Malam, sai ka tsaya da ƙafarka."

Ya ce, "Naɗa mini rawanina."

Rawanin ya yi datti da man mota, amma na karkaɗe na naɗa masa. Ya ajiye fatar. Na tsaya a bayansa, na sa hannu ta ƙarƙashin rigarsa na riƙe ɗamararsa ba wanda ya gani. Muka matsa. Likita ya dube shi, ya sa abin sauraro a ƙirjinsa, ya ce ya ja numfashi. Na ji jikin Malam yana rawa a hannuna yana danne tari. Likita ya daɗe yana saurare. Ya dube ni, ya dubi inda hannuna yake. Na tabbata ya gani.

Ya ce, "Ƙirjin nan rana yake bukata. Ku kai shi ɗakin marasa lafiya na jirgi, a ba shi gado kusa da ni."

Wasu ma'aikata biyu suka zo suka karɓe shi daga hannuna. Ba a bari mai rakiya ya hau ba. Ya taka matakala kaɗan, ya ce su tsaya, ya juyo.

"Direba, me zan faɗa a Gazara?"

"Ka ce ina lafiya, ina gaishe su. Kada ka ba su labarin motar nan, Malam."

Ya ce, "Da ita zan fara."

Na tsaya a wurin har aka janye matakala. Washegari na koma ni kaɗai cikin sanyi, na ajiye wa Mai Lofe motarsa, na ɗora kwanon a kan teburinsa, na nuna masa tsagar. Ya shafa ta da yatsa, ya zauna a kan wata taya, lofen ya faɗi ƙasa bai ɗauka ba. Ko ya san da tsagar ko bai sani ba, ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba.

Ban sami labarin Malam ba har na gama karatuna. Ban sani ba ko ya isa Ikko, ko an sauke shi a teku. Ranar da na sauka daga mota a Makarfi, da akwatina a ka, ina nufin kama hanyar Gazara, sai wani mai rake da ban taɓa gani ba ya tsayar da ni. Ya ƙare mini kallo, ya juya ya ƙwala wa 'yan uwansa kira.

"Kai, ku zo ku gani! Ga direban da ya birkiɗa Malam Isiyaku a ƙanƙara ya mare shi!"

Na sauke akwatin. Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Shi da bakinsa mana. Ko makon jiya ya sake ba mu a nan. Ya ce marin har yanzu bai yafe ba."